Sunan Wa Ke Cikin Littafin Uwar Adashi?

Duk wanda ya taɓa shiga adashi ya san uwar adashi ba ta tambayar inda kuɗin zubi ya fito. Ko daga cinikin ƙosai ne, ko daga kuɗin cefane aka tsakura, ko maigida ne ya bayar, ba ruwanta. Abu ɗaya take dubawa: a kan sunan wa za ta rubuta. Ranar Juma'a da yamma yarinya ta yi sallama, ta durƙusa, ta miƙo kuɗi a dunƙule ta ce, "Wai in ji Inna, ga zubinta." Uwar adashi ta ƙirga sau biyu, ta jawo littafin nan da bangonsa ya sha maiƙo, ta bi layi da bakin biro har ta iso kan sunan, ta ɗiga alama. Magana ta ƙare. Ranar kwasa littafin ne alƙali. Mai suna a ciki shi ke ɗauka. Wanda babu sunansa, ko da guminsa aka yi ta zubawa shekara da shekaru, sai dai ya jira abin da mai suna ya ga damar miƙo masa.

Da wannan za a fi gane wani al'amari da ke cin ma'aurata masu sana'ar kansu a Amurka, ciki har da 'yan uwanmu Hausawa da sauran mutanen Afirka ta Yamma mazauna unguwanni irin su Bronx da Harlem a birnin New York: masu tuƙin tasi, masu shagon kitso, masu gidan abinci, masu sayar da atamfa da turare. Miji da mata su yi aiki tare, su cike takardar haraji ɗaya, su sa hannu tare, su biya daga asusu ɗaya. A ransu duk abin da aka biya an biya wa su biyu ne. Alhali kuwa wani kaso mai tsoka na wannan kuɗi zubi ne, kuma a kan sunan mutum ɗaya ake rubuta shi.

Takarda ɗaya, littafi biyu

Hukumomi biyu ne ke cikin maganar, kowacce da irin idonta. Ta farko ita ce hukumar tara haraji, IRS. Tun 1948 dokar Amurka ta ba ma'aurata a duk faɗin ƙasar damar haɗa abin da suka samu a lissafa musu harajin shiga kamar gida ɗaya, kuma yawanci haɗawar ta fi sauƙi a aljihu. Wannan hukuma gida take gani. Idan an ci bashinta, tana iya bin miji ko mata, duk wanda ta kama, ya biya gaba ɗaya.

Ta biyu ita ce hukumar fanshon tarayya, wadda ake kira Social Security. Shugaba Franklin Roosevelt ne ya sa hannu a dokarta a watan Agustan 1935, aka fara raba wa ma'aikata lambobi a 1936. Wannan ita ce uwar adashin. Ba ta da shafin gida ko na iyali. Kowane mutum da lambarsa mai alƙaluma tara, kowace lamba da shafinta, kowace shekara da layinta. Da farko ma'aikatan albashi kaɗai aka sa a ciki. Daga 1951 aka shigar da yawancin masu sana'ar kansu, manoma suka biyo baya a 1955.

Tsarin ya yi kama da adashi har a yadda kuɗin ke juyawa. Abin da masu aiki suka zuba a bana shi ake biyan tsofaffin bana da shi, ba ajiye wa mutum ake yi a akwati da sunansa ba. Abin da ake ajiye masa shi ne rubutu: shekara kaza ya samu kaza, ya zuba a kan kaza. Wannan rubutun ne dukiyarsa ranar da ƙarfi ya ƙare.

Yadda zubin yake

Mai aikin albashi ba ya jin zafin zubin sosai. Ana cire masa kashi 7.65 cikin 100 kafin kuɗin ya zo hannunsa, wanda ya ɗauke shi aiki ya ƙara kashi 7.65 daga nasa aljihun. Mai sana'ar kansa kuwa shi ne yaron shago, shi ne mai shago, don haka shi zai biya duka biyun: kashi 15.3. Daga ciki kashi 12.4 na fansho ne, kashi 2.9 na inshorar lafiyar tsofaffi da ake kira Medicare. Wannan shi ne harajin mai sana'ar kai, kuma daban yake da harajin shiga. Mutum na iya zama ba a binsa ko sisin harajin shiga saboda ƙarancin samu da yawan 'ya'ya, amma wannan na zubi yana nan a wuyansa muddin abin da ya samu a sana'a ya kai dala 400 a shekara.

Ba a kan ciniki ake ɗora shi ba, a kan riba ne, bayan an cire kuɗin haya da kaya da mai da gyaran mota da sauran ɗawainiyar sana'a. Ribar ma ba dukanta ba, kashi 92.35 cikinta ake lissafawa. Sannan ana rage rabin harajin daga kuɗin da za a ɗora wa harajin shiga, don a daidaita mai sana'a da mai albashi. Kason fansho yana da rufi: a 2025 ba a ɗora kashi 12.4 a kan abin da ya haura dala 176,100 na mutum ɗaya. Tun da babu mai cire masa a tushe, mai sana'a kan biya kashi-kashi sau huɗu, a watannin Afrilu, Yuni, Satumba da Janairu.

Takardu biyu ne ke ɗauke da wannan lissafi, kuma ana liƙa su a jikin babbar takardar harajin gidan, fom 1040. Schedule C ita ke nuna ciniki da kashewa da riba. Schedule SE ita ke fitar da zubin. A saman Schedule SE akwai gurbin suna ɗaya da gurbin lamba ɗaya. Babu wurin na biyu. Babbar takardar na ɗauke da sunaye biyu da sa hannu biyu, amma abin da ke tafiya littafin fansho shi ne abin da ke saman wannan ƙaramar.

Alamar da ake ɗiga wa mutum a littafin ita ce maki. A 2024 duk dala 1,730 na samu ya ba da maki ɗaya, a 2025 adadin ya koma dala 1,810. Ba a ba mutum fiye da maki 4 a shekara, komai yawan abin da ya samu. Wanda ya samu dala 7,240 a 2025 ya cika huɗunsa, haka ma wanda ya samu miliyan. Kafin mutum ya cancanci fansho da sunan kansa sai ya tara maki 40, wato aikin shekara goma a ƙalla, ko da ba a jere ba. Ba a sayen maki, ba a aronsa, miji ba ya iya yankar nasa ya ba matarsa.

Maki 40 ƙofa kawai yake buɗewa. Yawan abin da za a riƙa biya yana fitowa ne daga shekaru 35 da mutum ya fi samu a rayuwarsa. Wanda shekarunsa ba su kai 35 ba, sai a cike gurbin da sifili, sifilin ya ja matsakaicin ƙasa.

A ofishin mai cike takarda

A ɗauki misalin wasu ma'aurata masu ƙaramin gidan abinci. Uwargida ce ke tashi tun kafin asuba ta ɗora tukwane, ita ke tuƙa tuwo, ita ke haɗa miya, ita ta san mai son yaji da wanda likita ya hana gishiri. Maigida shi ke zuwa sari, shi ke zama a kan kanta, shi ke magana da mai gidan haya da jami'an duba tsafta. Idan aka cire ɗaya daga cikinsu, wurin ba zai kwana bakwai a buɗe ba.

Watan Maris ya kama, suka nufi ofishin mai cike takardar haraji, ɗaki ɗaya a saman wani shago, kujeru cike da masu jiran layi. Maigida ya zazzage jakar leda cike da rasit a kan tebur. Mai cike takarda yana danna kwamfuta, ko ɗago kai bai yi ba, ya ce, "Alhaji, kasuwancin da sunan wa za a sa?"

"Sa nawa mana."

Uwargida na gefe tana rarrashin yaro. Aka juyo mata da takarda aka nuna mata layi. "Hajiya, nan za ki sa hannu." Ta sa. Tambayar ba ta ɗauki daƙiƙa biyar ba, amsar ma haka. Babu mugun nufi a zuciyar kowa. Shi ne maigida, sunansa ne a takardar haya, abin da ya zo bakinsa ke nan.

Ribar shekarar dala 60,000 ce. An ɗauki kashi 92.35 cikinta, ya zama dala 55,410. An ɗora kashi 15.3, zubin ya kama kusan dala 8,478. Maigida ya samu maki 4, layinsa na shekarar ya nuna 55,410. Layin uwargida ya nuna sifili. Idan aka maimaita haka shekara ashirin, matar da ba ta taɓa hutun mako guda ba za ta zama, a idon littafin, wadda ba ta taɓa aiki a Amurka ba.

Da an raba ribar biyu, kowa dala 30,000, da kowannensu ya biya kusan dala 4,239. A haɗa, dala 8,478 ɗin nan ce dai. Gidan bai ƙara ko kwabo ba, amma maki 8 suka shiga maimakon 4. Wani lokaci ma abin ya fi haka ban takaici: shagon kitso na matar ne ita kaɗai, mijin ko tsifa bai iya ba, amma a rubuta shi da sunansa don shi ne ya kai takardun. Doka kuwa ta ce ribar sana'a, wajen wannan haraji, ta wanda ke gudanar da sana'ar ce.

Inda wannan adashi ya sha bamban

Adalci ne a faɗi cewa uwar adashin Amurka ba ta kai ta unguwa tsauri ba. Tun gyaran doka na 1939 ta tanadi kaso ga matar mai suna, daga baya aka daidaita har miji ma yana iya ci ta hannun matarsa. Matar da ba ta da maki ko ɗaya, idan ta kai cikakkun shekarun ritaya, wato 67 ga duk wanda aka haifa daga 1960 zuwa sama, tana iya karɓar rabin fanshon mijinta, ba tare da an rage masa nasa ba. Idan ta fara karɓa tun tana 62, kason kan sauka har zuwa kashi 32.5. Idan ya riga ta rasuwa, tana iya gadar cikakken abin da yake karɓa. Inshorar asibiti ta Medicare ma tana samu ta hannunsa a shekara 65.

Akwai kuma wani lissafi da bai kamata a ɓoye wa kowa ba. Fanshon ba ya hawa daidai da zubi, an karkata shi wajen mai ƙaramin ƙarfi. A ma'aunin 2025, dala 1,226 na farko na matsakaicin samun wata ana mayar wa mutum kashi 90 cikinsu, abin da ya biyo baya har zuwa dala 7,391 kashi 32, abin da ya haura nan kashi 15. A ɗauka gidan abincin nan ya yi shekara 35 yana ba da riba irin wannan, a darajar kuɗin yau. Idan duk da sunan maigida aka rubuta, fanshonsa zai kai kusan dala 2,190 a wata, uwargida ta karɓi rabi, kusan 1,095, gida ya tashi da kusan 3,280. Idan raba biyu aka yi, kowannensu zai samu kusan 1,450, gida ya tashi da 2,900. Kuma ba a haɗa wa mutum nasa da rabin na abokin zamansa, wanda ya fi yawa a cikinsu kawai ake ba shi. Idan ɗaya ya rasu, wanda ya rage zai zauna da 2,190 a tsarin farko, 1,450 a na biyu. Gidan da ribarsa ta haura rufin nan na dala 176,100 kuwa, rabawa na iya ƙara masa haraji.

Ke nan idan aure ya ɗore har tsufa, kowa na da lafiya, kowa na zaune a Amurka, tara zubi a suna ɗaya na iya fin riba. Wannan gaskiya ce. Sai dai a sake karanta sharuɗɗan: aure ya ɗore, lafiya ta ɗore, rai ya kai, zama ya tabbata. Babu ɗaya daga cikin huɗun nan da ke hannun ɗan Adam. Rabin da ake ba mace ta hannun miji rataye yake a jikin auren, ranar da igiyar ta tsinke yana iya faɗuwa tare da ita.

Ranakun da rabin ba ya zuwa

Rana ta farko ita ce ta saki. Matar da aka rabu da ita tana da haƙƙi a fanshon tsohon mijinta ne kawai idan auren ya cika shekara 10. Shekara tara da wata goma sha ɗaya ba ta ba da komai. Wadda ta yi shekara tara tana tsaye a gaban murhu, aka rubuta komai da sunan miji, za ta fita da sifili tara a shafinta, shi ya fita da maki 36. Ko auren ya cika goma ma, in ta sake aure kason ya yanke muddin sabon auren na nan. Mu kuwa mun san a al'adarmu bazawara ba ta daɗewa a gida.

Ta biyu ita ce ranar rashin lafiya. Zubin nan ba na tsufa kaɗai ba ne, yana ɗauke da tallafin wanda naƙasa ta hana shi aiki. Ga wanda ya kai shekara 31, ƙa'idar ita ce ya kasance yana da maki 20 a cikin shekaru goma da suka gabaci ciwon, kuma a shafinsa na kansa. Mai kitson da ta shekara goma sha biyar a sunkuye har baya da yatsu suka gaza, ba za ta karɓi wannan tallafi da makin mijinta mai rai ba. Hannun da ke kawo kuɗin ya tsaya, kuma babu abin da zai maye gurbinsa.

Ta uku ita ce wadda ba a son ambata. Idan uwa ta rasu ta bar yara ƙanana, kowane yaro da bai kai 18 ba yana da haƙƙin kashi 75 na fanshon da ya kamace ta, har zuwa iyakar da aka ƙayyade wa iyali ɗaya. A nan ba sai ta cika maki 40 ba, maki 6 a cikin shekaru uku na ƙarshen rayuwarta sun isa. Amma in shafinta babu komai, marayun ba su da komai ta wajenta. Uban zai rasa abokiyar aiki, ya ɗauki mai dafa abinci da kuɗi, ya nemi mai kula da yara da kuɗi, ga babu tallafin da zubin matarsa ya kamata ya jawo.

Ta huɗu ita ce ranar jira. Mace ba ta fara karɓar rabi sai mijin ya fara karɓar nasa. Idan ya zaɓi ya jinkirta har shekara 70, saboda duk shekarar jinkiri bayan cikar shekarun ritaya na ƙara masa kashi 8, ita ma dole ta jira. Mai makinta na kanta ba ta jiran kowa.

Ta biyar ta fi shafar mutanenmu. Da yawa burinsu su tsufa a gida, a Kano ko Damagaram ko Kumasi. Wanda ba ɗan ƙasar Amurka ba, idan ya yi wata shida a jere a waje, ana iya dakatar masa da biya sai in ya faɗa cikin waɗanda doka ta keɓe. Mai karɓa ta hannun wani kuma an ƙara masa sharaɗi: a mafi yawan lokuta sai ya nuna ya zauna a Amurka shekara biyar a cikin wannan aure. Ga kuma batun shaidar auren kanta. Hukumar fanshon na bin dokar jiha wajen tantance wace ce matar aure, tana kuma neman takarda. Dokar ƙasar mace ɗaya ta sani a lokaci guda. Duk matar da matsayinta ke da ƙura a idon wannan doka, abin da ke rubuce da sunanta ne kaɗai ba mai ja da ita a kansa.

Yadda ake rubuta suna na biyu

Hanyoyin a buɗe suke, kuma ba su da wuya. Idan kowa da sana'arsa, shi yana tasi ita tana kitso, kowa ya cike Schedule C ɗinsa da Schedule SE ɗinsa, a liƙa duka a takardar gida ɗaya.

Idan sana'a ɗaya suka mallaka tare, a da doka na ɗaukarsu abokan tarayya, sai sun cike fom 1065 mai wahala da tsada, abin da ya sa da yawa ke gudu su rubuta suna ɗaya. Wata doka ta 2007 ta kawo sauƙi da tsarin da ake kira qualified joint venture, wato tarayyar miji da mata da aka yarda ta wuce ba tare da wancan fom ba. Sharuɗɗansa: su biyun ne kaɗai masu kasuwancin, suna cike takardar haraji tare, kowannensu yana aikin da gaske ba suna kawai ba, kuma dukansu sun yarda. Sai a raba ciniki da kashewa gwargwadon kason kowa, kowa ya cike takardunsa biyu. Tsarin bai shafi kasuwancin da aka yi wa rajistar kamfani irin na LLC ba, ko da yake a jihohi tara da ke ɗaukar dukiyar aure a matsayin ta tarayya, irin su Teksas da Kalifoniya, akwai wani sassauci na daban.

Idan kuwa gaskiyar ita ce ɗaya ne mai kasuwancin, ɗayan yana aiki a ƙarƙashinsa, to a ɗauke shi aiki a hukumance, a yanka masa albashi, a cire zubinsa, a ba shi takardar W-2 a ƙarshen shekara. Makin albashi da na sana'a darajarsu ɗaya.

Rabon ba dole ne ya zama rabi da rabi ba, amma dole ya bi gaskiyar abin da ke ƙasa. Ba a ƙirƙira wa wanda ba ya aiki kaso don a samar masa maki, ba a kuma share wanda ke aiki don sauƙin cike takarda. A 2025 ribar da ta kai kusan dala 7,840 ta isa ta ba mutum makinsa huɗu. A shekarar da kasuwa ta faɗi, akwai wata hanyar lissafi ta zaɓi a cikin Schedule SE da ke ba mai ƙaramar riba damar biyan ɗan ƙari don kada makin shekarar ya kuɓuce masa. Ga wanda ba manomi ba, sau biyar kawai ake yarda ya yi amfani da ita a rayuwarsa.

Akwai wata ɓarakar da ke cin miji da matar gaba ɗaya. Sana'ar da ake biya hannu da hannu tana jan mutum ya rage abin da zai bayyana, ya yi murnar ya tsira da 'yan daloli a watan Afrilu. Ban da laifin da ke ciki a gaban doka, kansa ya yi wa. Wanda ya samu dubu arba'in ya rubuta dubu goma, a kan dubu goma za a auna masa tsufansa, da naƙasarsa, da abin da marayunsa za su ci.

Wasu kan ce me ya sa za a damu, tun da ana ta cewa asusun fanshon zai ƙare. Rahoton amintattun asusun na 2025 ya yi hasashen cewa ajiyar fanshon tsufa za ta ƙare a 2033, kuma in majalisa ba ta yi gyara ba, kuɗin da ke shigowa zai iya biyan kusan kashi 77 na abin da aka yi alkawari. Raguwa ce mai zafi, amma kashi 77 na wani abu ya fi kashi 100 na sifili. Zubin kuma dole ne, ko an yarda da makomar asusun ko ba a yarda ba. Tun da za a biya, gara a san a kan wa aka rubuta.

Matan Hausawa ba baƙin wannan tunani ba ne. Tun kaka da kakanni mace na cikin gidan mijinta tana sana'arta, kuɗinta nata ne, addini ma ya tabbatar mata da hakan. Babu mijin kirki da ke ganin raini ne matarsa ta mallaki abin da ta yi wa gumi. Abin da ke faruwa a ofishin mai cike takarda rashin sani ne ke kawo shi, amma sakamakonsa ɗaya ne da na ƙwace, kuma a kan wadda ba ta yi magana ba yake sauka.

Maganinsa na farawa da dubawa. Kowane mai lamba yana iya buɗe asusunsa kyauta a shafin intanet na hukumar fanshon, ya ga layin kowace shekara da adadin makinsa. Miji ya buɗe nasa, mata ta buɗe nata, su ajiye su gefe da gefe. Idan aka ga sifili a shekarar da aka san an sha wahala, ana iya gyara takardar harajin da fom 1040-X, a nemi hukumar ta daidaita shafin. Amma ƙofar gyara na da wa'adi: shekara uku da wata uku da kwana goma sha biyar bayan ƙarewar shekarar. Samun 2024, alal misali, wa'adinsa 15 ga Afrilun 2028. Bayan nan ba a taɓa rubutun sai da ɗaya daga cikin 'yan dalilan da doka ta lissafa.

Saboda haka kafin a sake zuwa wurin mai cike takarda, a zauna a gida a yi maganar, da alƙalami da lissafi. Wa ke aikin? Kason kowa nawa ne? Shekarun kowa nawa, makinsa nawa, yara nawa ke ƙasa? Wasu gidajen za su ga rabi da rabi ne gaskiyarsu, wasu kashi uku da ɗaya, wasu albashi. Duk wanda aka zaɓa, a zaɓe shi da sanin mutum biyu da yardar mutum biyu. Idan mai cike takarda ya tambayi sunan wa za a sa, amsar ta fito daga bakin su biyun, kuma uwargida ta ga lambarta da idonta a saman Schedule SE kafin ta sa hannu.